Harsashin 'yan farauta ya huda mini kwano, me doka ta ce?

"Barista, salamu alaikum. Na yi ɗan gini a wajen Babale ta hanyar Bauchi, gidana ne na ƙarshe kafin duwatsu. Duk rani 'yan farauta kan biyo ta bayan katangarmu da karnuka da bindigogin toka, wani lokaci har su cinna wa ciyawa wuta. Asabar ɗin da ta wuce da hantsi muka ji harbi, sai ga ƙarfe ya huda kwanon kicin ya fasa tankin ruwa, alhali yara suna wasa a tsakar gida. Da na fita na yi magana, babbansu ya ce tun ba a haife ni ba suke farauta a nan, gidana ne ya tarar da su, kuma yana da lasin. Shin akwai tazarar da doka ta ce a bari tsakanin mai harbi da gidajen mutane? Wane hukunci ne a kansu? Kuma da a ce yaro suka samu, Allah ya kiyaye, suka ce kuskure ne, shi ke nan magana ta mutu?" Daga wani magidanci, Jos.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa, ya raya zuri'a. Abu uku ka tambaya: tazara, hukunci, da matsayin kuskure. Zan fara da tazarar domin ita ce amsarta ba za ta yi maka daɗi ba.

Dokar Bindigogi ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959 kuma har yau da ita ake aiki, ba ta yanka mitocin da mai harbi zai bari tsakaninsa da gida ba. Doka ce ta mallaka. Abin da ya dame ta shi ne wa zai riƙe bindiga, wace iri, wa zai ba shi izini, wa zai ƙera, wa zai sayar. A wasu ƙasashen an auna abin da tef. A jihar Fensilbeniya ta Amurka ba a farauta da bindiga a cikin yadi 150 daga gidan da mutane ke ciki, wato wajen mita 137, sai da yardar masu gidan. A jihar Niyok ƙafa 500 ne, kusan mita 152. Mu ba a ba mu lamba irin wannan a Dokar Bindigogi ba, shi ya sa maharbi zai dube ka ya ce ka nuna masa inda aka rubuta.

Amma rashin lamba bai bar shi sakaka ba. Ni a ganina ma lambar kan yaudari mutum. Ƙananan ƙwayoyin harsashin da ake harbin tsuntsu da su suna iya tafiya mita 200 zuwa 300 kafin su faɗi. Harsashin ƙaramar bindigar nan mai lamba .22, da ake raina ta, yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Bindigar toka kuwa babu mai iya yi maka alkawari a kanta, domin abin da aka ɗura mata ya danganta da hannun mai ɗurin: albarushi gwargwadon yadda ya ga dama, sannan gutsattsarin rodi, ko ƙwayoyin boris, ko kawunan ƙusa. Ga kuma abin da ya keɓanta da mu a Jos, wato dutse. A ƙasar yashi harsashin da ya kuskure zomo sai ya nutse a ƙasa. A nan sai ya daki fā ya yi tsalle ya canza hanya. Mutum zai iya rantsuwa da Alƙur'ani cewa ba gidanka ya saita ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma ƙarfen a kicin ɗinka ya sauka. Don haka abin da kotu ke tambaya ba mita nawa ba ne. Tambayarta ita ce: mutum mai hankali, da ya san bindiga, ya ga rufin gidaje a gabansa da duwatsu a gefensa, zai danna kunama a wannan wuri?

Tsautsayi daban, ganganci daban

A nan ne amsar tambayarka ta uku take, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Mu Hausawa da zarar abu ya faru ba da niyya ba sai mu ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ta fuskar imani haka ne. Ta fuskar shari'a kuwa kalmar tana da sharuɗɗa.

Kundin laifuffuka na Arewa, Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya yarda akwai tsautsayi. Sashe na 48 ya ce abin da ya auku bisa haɗari ba laifi ba ne, amma sai in mutum yana cikin yin halastaccen aiki, ta halastacciyar hanya, da halastaccen kayan aiki, kuma ya yi taka-tsantsan yadda ya kamata. Ka ga ƙofa huɗu ke nan, kuma sai an wuce dukkansu. Wanda bindigarsa ba ta da izini ya faɗi tun a ƙofar kayan aiki. Wanda yake da izini amma ya yi harbi yana fuskantar unguwa ya faɗi a ta ƙarshe. Ka lura, jihar Filato ta yi nata kundin a 2017, lambobin sassa sun sauya, don haka in ka je kotu a Jos wasu lambobi za ka ji ana kira. Na kawo tsofaffin ne saboda su aka fi sani, kuma da su ake aiki a Abuja. Ginshiƙin maganar ɗaya ne.

Hukuncin hawa-hawa ne, gwargwadon abin da harsashin ya yi. In bai taɓa kowa ba, kamar naka, laifi ya riga ya tabbata, domin aikata abu da ganganci ko sakaci ta yadda zai jefa ran mutane cikin haɗari laifi ne mai zaman kansa. Ba sai jini ya zuba ba. Sai dai gaskiya hukuncinsa a tsohon kundin ba shi da nauyi, ɗaurin watanni ne ko tara ko duka biyun. Ni kaina ina ganin ya yi kaɗan, domin tsakanin tankin ruwanka da kan yaro bai wuce taku uku ba, kuma ba gwanintar maharbin ce ta raba su ba. In ya raunata mutum, lissafi ya tashi daga watanni ya kai shekara ko fiye, musamman in raunin mai tsanani ne, irin tsiyayewar ido, ko karaya, ko nakasar gaɓa, ko ɓata fuska. In kuwa rai ya salwanta, to an shiga babin kisan kai. Sashe na 222, ƙaramin sashe na 7, ya sa kisan da ganganci ko sakaci ya jawo a cikin kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa, sashe na 224 kuma ya ba alƙali damar ɗauri har na rai-da-rai, ko ƙasa da haka, ko tara, ko a haɗa. Wato "ban yi niyya ba" tana iya tsare wuyan mutum daga igiya, amma ba ta buɗe masa ƙofar gida.

Na taɓa tsaya wa wani saurayi a irin wannan shari'a, kuma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Farautar dare ya fita da fitila ɗaure a goshi, a gefen wani tsohon kududdufin haƙar kuza inda ake noman rani. Ya ga ciyawa ta motsa, ya ga kamar ƙyallin ido, ya saki wuta. Ashe wani dattijo ne ya tsuguna yana gyara bakin tiyo a lambun tumatirinsa, don da dare yake ban-ruwa. Sun san juna, har gaisawa suke yi a kasuwa. Yaron da kansa ya goya shi zuwa titi, kafin a samu mota rai ya yi halinsa. A kotu babu wanda ya ce ya yi niyya, ko lauyan gwamnati bai faɗa ba. Tambaya ɗaya aka yi masa: ka ga abin da ka harba kafin ka harba? Ya sunkuyar da kai ya ce motsi ya gani. Daga wannan amsa aikina ya koma roƙon sassauci. Kawuna maharbi ne, Allah ya jiƙansa, kuma tun muna yara abin da yake faɗa wa masu bin sa daji ke nan, cewa ba a harbin motsi, sai an ga nama, an kuma ga abin da ke bayan naman. Bai taɓa buɗe kundin doka ba, amma abin da alƙali ya rubuta a hukuncinsa bai wuce wannan ba.

Iyalan mamacin sun yafe, an zauna gaban manya an yi sulhu, dangin yaron sun kai abin da suka iya. Duk da haka shari'ar ba ta tsaya ba, domin kisan kai laifi ne tsakanin mutum da hukuma. Babbar Kotu ce ke sauraronsa, beli yana da wuya, kuma Antoni Janar na jiha ne tsarin mulki ya ba ikon janye ƙara irin wannan, ba iyalai ba. Yafiyar ta yi amfani wajen sassauci, amma kafin a kai nan ya shafe fiye da shekara biyu a tsare.

Tunda kai Musulmi ne kamar yadda sallamarka ta nuna, ka san ko a addini kuskure ba ya share haƙƙi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya ga iyalan mamaci, sai in sun yafe, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata 2 a jere. Akwai kuma ingantaccen hadisi da ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. Kibiya ke nan a hannu, ba a ɗana ta ba, balle bindiga mai ɗuri a bayan katangar mutane. Kotunan Filato ba sa yanke hukuncin laifuffuka da shari'ar Musulunci, amma wannan magana tana da nauyi a zauren mai unguwa, wani lokaci fiye da lambar sashe.

Maganar lasin

Babbansu ya ce yana da lasin. To, a tambaye shi na wace bindiga. Dokar 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da fistol, waɗanda sai Shugaban Ƙasa ne zai ba da izininsu, kuma wanda aka kama da su ba izini ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Akwai na amfanin kai, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta da bindigar iska, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasinsu, rashinsa kuma yana jawo ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Sai kashi na uku, masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe su ba lasin. Hukuncinsu shi ne mafi sauƙi, tarar naira 1,000 ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyu. Naira dubu a yau ko kuɗin Keke Napep daga Babale zuwa Taminus da dawowa da ƙyar ta biya, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka tsufan dokar. Sai dai akwai wata dokar ta 1984 kan fashi da makami da bindigogi, wadda ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba, kuma masu gabatar da ƙara sukan ɗauko ta.

Abin da maharba da yawa ba su sani ba shi ne, ba duk ƙirar gida ce bindigar toka ba. In ana karya ta a sa mata kwanso ta baya, ta fita daga kashi na uku ko da maƙerin ƙauye ne ya ƙera ta. Ita kuma wadda ake ja wa hannu ta sake ɗura kanta, da 'yan sintiri ke yawan riƙewa, dokar ba ta sa ta cikin na amfanin kai ba. Lasin na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, ba a ara wa ƙane, ba a gadonsa kamar gona. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Katin ƙungiyar maharba ko na 'yan banga kuma shaidar zama ɗan ƙungiya ce kawai. Sau da yawa in aka ce a fito da takarda, katin ne ake zarowa daga aljihu. Ko da lasin nasa na gaske ne, izinin riƙewa aka ba shi. Mai lasin tuƙi ma in ya bi ta kan mutane a kasuwa ba a duba lasin a sallame shi.

Maganarsa ta cewa gidanka ne ya tarar da su, a nan ina ɗan tausaya masa. Da gaskiyarsa ta wani gefen. Wuraren da yau suke cike da gidaje a hanyar Bauchi da Lamingo da hanyar Rukuba, da yawansu daji ne a ƙuruciyarmu, kuma farautar rani tsohuwar al'ada ce a wannan tsauni, ga Berom da Anaguta da Afizere da Hausawa baki ɗaya. Garin ne ya ci dajin. Amma doka ba ta san wani haƙƙin harbi da mutum ke gada saboda ya riga kowa zuwa ba. Ranar da mutane suka tare a wuri, taka-tsantsan ɗin da ake nema daga mai bindiga ya ƙaru, ko ya so ko bai so ba. Wutar da suke cinnawa kuwa nata laifin daban. Akwai ƙa'idojin tarayya na 2011 kan ƙona daji, kuma in ta ci dukiyar wani an shiga babin ɓarna da wuta, wanda ya fi na harbin iska nauyi nesa ba kusa ba. Da iskar hunturun Jos, wutar da aka kunna don gafiya ba ta tambayar inda katanga ta fara.

Abin da nake ba ka shawara

Kada ka gyara kwanon tukuna, in ma dole ne ka canza shi to ka adana wanda ya huje. Ka ɗauki hoton ramin ta ciki da ta waje, da tankin, da inda suka tsaya in ka sani. In ka tsinci ƙarfen ka sa shi a leda ka ajiye, kada yara su yi wasa da shi. Ka rubuta rana da lokaci, da sunayen maƙwabtan da suka ji ko suka gani, ka karɓi rasit na duk abin da ka kashe. Shari'o'i irin wannan da na ga sun lalace, yawanci ba rashin gaskiya ya kashe su ba. Mai gida ne ya kira mai walda washegari, ya share tsakar gida, ya zo kotu da baki kawai.

Daga nan ka fara da mai unguwa, ka nemi ya kira Sarkin Baka ko shugaban maharban yankin. Ba don doka ta gaza nake cewa haka ba. Dalilina shi ne abin da kake nema na farko kada a sake, kuma maharba suna jin maganar shugabansu fiye da takardar sammaci. Na halarci irin wannan zama a wata unguwa a gefen gari. Aka tashi gaba ɗaya aka taka har bayan gidaje, aka nuna wani rafi da wani ƙaton dutse mai tsaga aka ce daga nan zuwa gari ba a ɗaga bindiga, kuma ko a hayin rafin mai harbi ya ba gari baya. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, aka kai kwafi ofishin 'yan sanda. Wanda ya fasa kwano ya biya. Shekarun da suka biyo baya ban sake jin ƙorafi daga can ba.

Amma ko za a yi sulhu, ka kai rahoto a rubuce ga DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankinku, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Amfaninsa biyu ne. In suka sake, ba za a ce yau aka fara ba. In kuma wata rana aka samu rauni, takardar za ta nuna an gargaɗe su sun ci gaba, wanda ke rushe duk wata da'awar tsautsayi. In 'yan sanda suka ga akwai laifi za su kai su kotun majistare, kuma kotun tana da ikon ta sa a biya ka diyyar ɓarna bayan hukunci. Kana kuma iya shigar da ƙarar neman diyya daban, sai dai ka auna, kada kuɗin zirga-zirga ya fi na tankin.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: kada ka tara samarin unguwa a tare su, kada kuma wani ya ƙwace bindiga ya kai gida ya ajiye. Wanda aka samu da ita a ɗakinsa shi ne mai riƙe makami ba izini, ko da da kyakkyawar niyya ya karɓa. Sannan kai ɗan Jos ne, ba sai na tuna maka rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ba. A garin nan ƙarar bindiga ɗaya tana sa a rufe shaguna, iyaye su ruga makaranta ɗauko yara, jita-jita ta isa Bukur kafin hayaƙin ya washe. Rigimar da ta fara a kan zomo, in aka yi rashin sa'a masu farautar da masu gidan ba addininsu ɗaya ba ko ba yarensu ɗaya ba, kafin la'asar an sa mata wani suna. Wannan ma hujja ce da za ka faɗa wa DPO, kuma na san za ta sa ya saurare ka da kunnen basira. Haka masu harbin iska a biki ko murnar Sallah a tsakiyar unguwa, hukuncinsu ɗaya da na maharban nan, domin abin da aka harba sama sai ya sauko, kuma yana saukowa da ƙarfin da zai fasa kai.

Ban ga wurin ba, ban ga ƙarfen ba, ban kuma ji ta bakin maharban ba, don haka ba zan ce maka ga hukuncin da alƙali zai yanke ba. In magana ta kai kotu ka samu lauya ya duba takardunka da kundin jiha na 2017 a hannunsa.

Saura abu guda da nake fatan ba za ka taɓa buƙatarsa ba. In harsashi ya samu mutum, a wuce da shi asibiti mafi kusa kai tsaye, kada a tsaya neman takardar 'yan sanda. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da rahoton 'yan sanda ba, ba kuma tare da an fara ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara jinyar. A danne raunin da tsumma mai tsabta a hanya, kada a tsaya ƙoƙarin ciro ƙarfen a gida. Ka faɗa wa uwargida wannan ita ma, tunda da hantsi ita ce a gida tare da yaran.